Wayar 'Yar Fari

Har yau idan na ji wani ya gyara zama ya ce "masana sun yi bincike", sai in ji raina ya fara ɓaci tun kafin ya ƙarasa. Ba gaba nake yi da ilimi ba, ni ma malamar firamare ce a nan Daura, na daɗe ina shaƙar alli. Dalilina shi ne bincike ya taɓa shigowa har tsakar gidana, ya zauna a kan tabarmata, ya sha kunun tsamiyata, sannan ya yi sanadin da aka ƙwace wa 'yata waya ana gab da jarrabawa.

Bari in fara da yarinyar. Ita ce 'yar farina, kuma a gidanmu ɗan fari ba abin magana ba ne. Haka na taso na tarar. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan babban yayanmu ba, in tana nemansa sai ta ce "a kira min wancan". Da na haifi tawa sai na bi sahu, ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Ban ɗauke ta a gaban mutane ba, in tana kuka sai a miƙo min ita a bayan labule. Da aka yaye ta ta koma ɗakin surukata, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Hajiya. A can ta girma, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsu da nawa. Ba ta ce min Mama kamar ƙannenta, Yaya take ce min, don abin da ta ji ƙannena suna faɗa ke nan. Ni kuma in ce "ke", ko "waccan", ko "yarinyar Hajiya". A ganina mun saba, ba wanda abin ya dama.

Wayar kuwa ƙanena ne ya ba ta da ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, tsohuwar tasa ce, gilashin ma ya tsage a gefe. Jarrabawar shiga jami'a yanzu a kan kwamfuta ake yin ta, kuma kwamfutocin makarantarsu sun fi yawan zama a lulluɓe saboda rashin wuta. Malamansu sai suka riƙa turo darasi da tsofaffin tambayoyi ta waya. Da ta dawo islamiyya sai ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida tana latse-latse, ni kuma ina madafi, hannuna a kan muciya, kunnena yana wajenta. Na san lissafi ba ya ba ta wahala. Na san kemistiri ne yake sa ta tsaki. Na san aikin ungozoma take son karantawa, tun ranar da maƙwabciyarmu ta sha wuya a wajen haihuwa. In katinta ya ƙare ni nake saya in ba ƙanwarta, in ce ta ce mata Hajiya ce ta bayar.

Ana haka sai ga baƙuwa. Wata matashiya ce mai karatun digiri na biyu a wata jami'a, ta biyo ta makarantar 'yan matan aka haɗa ta da gidaje. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da ladabi. Ta yi sallama, ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajiya. Ta ce tana binciken yadda waya take shafar zaman yara da iyayensu mata. A kowane gida tana son yara biyu, wanda yake riƙe da waya da wanda ba shi da ita, sai ta yi hira da uwar a kan kowannensu.

To, don Allah, a garin nan wa yake riƙe waya a cikin yara? Wa zai tsallake babba ya saya wa ƙarami? Duk gidan da ka shiga, daga cikin gari har Zango, in waya ta sauko daga hannun uba ko kawu, hannun babba take faɗawa. Wannan ko ɗan ajina ya sani. Amma a ranar ni ma ban kawo komai a raina ba, na shimfiɗa tabarma na kawo kunu.

Hajiya ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna, domin ba a taɓa yin baƙo a gidan nan ba ita ce shugabar zama ba. Baƙuwar ta ajiye 'yar rikodarta a tsakiyarmu, ta ce mu fara da wadda ba ta da waya. Aka kira autata. Nan fa bakina ya buɗe. Na faɗi sunanta, na faɗi sunan da nake mata na wasa, abin da take ci da wanda take turewa, ƙawayenta, tsoron da take yi wa ƙadangare, har waƙar da take yi in tana wanka. Sai da baƙuwar ta yi dariya ta ce ya isa haka.

Sannan aka kira babbar. Ta zo ta zauna a bakin tabarma, wayar a cinyarta, kanta a ƙasa.

"To Mama, ita kuma yaya sunanta?" in ji baƙuwar.

Na juya ina kallon turmi. Hajiya ce ta faɗa mata.

"Me take yi da wayar in ta ɗauka?"

Na ce, "Oho. Ga ta nan, ki tambaye ta."

"Wane darasi ta fi so a makaranta?"

"Ni ina zan sani?"

"Kukan zauna ku yi hira, ke da ita?"

"Hirar me?"

"In ta gama sakandare me take so ta zama?"

Amsar tana kan harshena, har da dalilinta. Na saci kallon Hajiya, na ga ta kafe ni da ido. Na ce, "Abin da Allah ya zaɓa mata."

Baƙuwar ta juya wajen yarinyar ta tambaye ta ko takan nuna min abin da take karantawa. Ta ce a hankali, "Yaya ba ta cika tambaya ba."

"Yaya kuma? Ba ita ce mahaifiyarki ba?"

"Ita ce."

Da baƙuwar ta tafi Hajiya ta yini tana yabona. Duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Yau surukata ta fitar da ni kunya, 'yar boko ce amma ta san kara." Washegari a gidan suna muka haɗu da sauran matan da aka je wa, kowace tana ba da nata labarin da alfahari. Wata ta ce da aka zo kan babban ɗanta tashi ta yi ta shige banɗaki. Wata ta ce ita cewa ta yi ba ta ma san ajinsu ba. Muka yi ta dariya muna tafawa, kowa tana ganin ta ci jarrabawa.

Bayan 'yan watanni makaranta ta kira taron iyaye, aka ce mai binciken ta dawo za ta faɗi abin da ta gano. Maza suka cika kujerun gaba, mu mata muna baya a kan tabarmi, kusa da taga. Ta karɓi lasifika ta yi godiya, sannan ta ce abin da ta fara lura da shi ya ba ta tsoro. Ta ce yaran da ba su da waya iyayensu mata sun san komai nasu, har abin da suke mafarki. Masu waya kuwa, uwa ba ta san darasinsu ba, ba ta san burinsu ba, wata ko kallon ɗan ba ta yi, wata ko sunansa ba ta iya faɗa.

Ɗakin ya ɗauki salati. Wani dattijo ya miƙe yana nuna sama da sandarsa, yana cewa sun daɗe suna faɗa ba a ji. Wani ya ce nasa ɗan tun da ya samu waya ko ruwan alwala ba ya kawo masa. Baiwar Allah mai binciken tana ɗaga hannu tana cewa, "Amma ku tsaya, akwai sauran magana, amma..." Sai janareta ya yi tari ya mutu, lasifika ta ɗauke. Kafin a tayar da shi aka kira la'asar. Maza suka tashi gaba ɗaya suna neman takalma, kuma duk wanda ya san taron iyaye ya san ba a dawowa bayan salla.

Wajenmu mai binciken ta zo ta durƙusa, idonta ya yi ja, ta ƙarasa mana sauran. Ta ce da ta koma tana sauraron hirarrakin sai ta lura kusan duk masu wayar 'ya'yan fari ne, marasa wayar kuma ƙannensu. Ta ce ita ma ta san alkunya, kakarta ba ta kama sunan babanta, amma ita a gidan ma'aikata ta tashi inda uwa take kiran kowa da sunansa, shi ya sa abin bai zo mata ba sai daga baya. Don haka ba za ta iya cewa waya ce ta jawo komai ba, aikin ma sai ta sake shi daga tushe. Abin da ta zo faɗa ke nan. Ta roƙe mu don Allah mu isar wa mazajenmu.

Mu isar! Ka ji fa. Duk garin nan ba wanda ya ji wannan "amma" sai mu, mu ɗin da aka ɗaure wa baki a kan maganar. Wace ce a cikinmu za ta je ta tsaya gaban miji tana kare ɗan fari? Muka kalli juna, kowa ta gyara mayafi, muka watse.

Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne, rabin rayuwarsa tana kan hanyar Mai'adua da Kongolam. Mutum ne da likita ya hana shi gishiri ya ce likita bai san daɗin miya ba. Ma'aikacin gona ya ba shi shawara a kan ajiyar wake ya ce yaro ne. Ban taɓa ganin ya ɗauki maganar wani masani ba sai wannan, ita kuwa ya ɗauke ta hannu bibbiyu. Ko zama bai yi ba da ya shigo, ya aika aka karɓo wayar, ya jefa ta a akwatin ƙarfensa ya datse da kwaɗo.

Na bi shi ɗaki na ce, "Malam, ai ba a gama maganar ba kuka fita."

"An gama. Masana sun ce waya tana raba uwa da 'ya. Kuma ba a wani gari aka gwada ba, a gidan nan aka gwada. Hajiya ta ba ni labari, ko abin da take karantawa ba ki sani ba."

Na tsaya ina kallonsa. Wannan mutumin fa shi ma bai taɓa kiran yarinyar da sunanta ba, "uwar ɗakin Hajiya" yake ce mata. Ya san al'adar sarai, a cikinta aka haife shi. Amma da yake an faɗa da lasifika, kuma an ce daga jami'a, sai ya manta da gidan da ya fito.

Na ce, "Malamar ta ce akwai amma."

"Amma me?"

"Amma... yaran mutane suna karatu da wayoyin nan."

"Yaran mutane iyayensu su ji da su."

Iyakar abin da na iya ke nan. Na fito ina jin haushinsa, ina jin haushin janareta, ina jin haushin baƙuwar da ba ta fara da "amma" ɗinta ba ta bari sai ƙarshe. Wa ya ce mata ana ajiye wa mazan Daura muhimmiyar magana a ƙarshen taro?

Na gwada bi ta wajen Hajiya, da yake ita ce mai iya juya shi. Ashe ita abin daɗi ya yi mata. Ta ce dama tun da wayar nan ta zo ta rasa mai zura mata zare a allura, yanzu ƙawarta ta dawo. Na gwada cewa ko yarinyar ta riƙa leƙa ta ƙawayenta a makaranta, sai na ji su ma duk an karɓe. Unguwa guda, manyan 'ya'ya sun koma zuru, ga jarrabawa tana matsowa. Malamansu suna ta turo darasi cikin akwatunan iyaye maza.

Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma roƙi kowa ba. Ta koma kan tsofaffin littattafanta, tana zama a gindin darbejiyar kamar da, sai dai tsakin ya ƙaru, abinci kuma ya ragu. Ina gani, ina ƙara mata nama a kwano in ce wa ƙanwarta Hajiya ce ta rage.

Wata ranar Asabar da hantsi suna wanki ita da ƙanwarta a bayan madafi, ba su san ina ciki ba. Ƙanwar ta ce mata me ya sa ba za ta sa Mama ta roƙi Baba ba. Sai na ji ta ce, ba da fushi ba, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani:

"Ke dai Mamanki ce. Ai matar nan gaskiya ta faɗa, Yaya ba ta ma san abin da nake son karantawa ba. Ba ki ji ta ba ranar?"

Na zauna a kan buhun gawayi. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa ta yarda ba. Na ɗauka ta san wasan, kamar yadda na san mahaifiyata tana son yayanmu fiye da mu duka ko da ba ta faɗa. Ashe ita a zamaninta ake tambayar uwa a gaban rikoda, uwar ta ce oho, sannan a tara gari a faɗa da lasifika. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma a wannan karon na rasa wanda zan ɗora wa.

Washegari da safe maigidan ya fito zai tafi kasuwa, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Hajiya yana gaishe ta kamar kullum. Yarinyar tana sharar tsakar gida. Ni ina dama koko. Ban shirya komai ba, kawai na ga na fito da ludayi a hannu na tsaya a kansu.

Na ce, "Malam, ina da magana, kuma a gaban Hajiya nake so in yi ta."

Suka ɗago duka biyun.

"An ce ban san abin da take yi da waya ba. Tambayoyin jarrabawa take yi. Lissafi ba ya ba ta wahala, Turanci da sauƙi, kemistiri ne ya tsaya mata, shi ma ta fara gane shi kafin ka kulle malamin a akwati. In abu ya shige mata duhu bakin hijabinta take taunawa, duba ka gani duk ya huje. In ta daɗe tana karatu kanta yana ciwo ta ɓangaren hagu. Ungozoma take son zama, tun ranar da aka fita da maƙwabciyarmu a mota tana zubar da jini, ita ce ta riƙe mata jaka har bakin titi. Katin da ake cewa Hajiya ce take saya, Hajiya, ki faɗa masa ko kin taɓa sayen kati."

Tsintsiya ta daina motsi a bayana. Ban juya ba.

Hajiya ta saki baki. Can ta ce, a hankali, irin tambayar da ake yi don a ba mutum damar ja da baya, "Wai ke, wa kike wa wannan dogon bayani haka?"

Na san abin da take so in ce. In ce yarinyarki, magana ta mutu a nan, kowa ya tsira da mutuncinsa. Sai na kama sunan 'yata na faɗa, cikakke, da ƙarfi, yadda aka raɗa mata shi ranar suna. Na ƙara da cewa, "Ita nake nufi. 'Yata."

"La'ilaha illallahu!" in ji Hajiya, ta dafe ƙirji. "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ka gani ko? Ita ma uwar wayar ce ta lalata ta."

Kunya ta kama maigidan kamar shi ya yi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya miƙe ya shiga ɗakinsa, muka ji ƙarar kwaɗo. Da ya fito bai ba ni wayar ba, bai kuma ba yarinyar ba, a gaban mahaifiyarsa ya ajiye ta ya ce, "A ba uwar ɗakinki." Ya saka takalmi ya fice ko kokon bai sha ba. Hajiya ta ture wayar da bakin carbi tana cewa a ɗauke mata wannan fitina daga ƙofar ɗaki. Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa malama ta zubar da kunya, kuma na san har yau akwai gidajen da ake ba da shi.

Na koma madafi na tarar kokon ya yi gudaji. Ina tsaye ina fama da shi, ina jin haushin kowa da kowa, sai na ji mutum a bakin ƙofa. Ita ce, tsintsiyar tana hannunta har yanzu, wayar ma ba ta je ta ɗauka ba. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙasa.

"Yaya," ta ce.

"Mene ne kuma?"

"Ashe kin iya faɗarsa. Ni ban taɓa jin yadda yake a bakinki ba."

Hayaƙin icen ya cika min ido, na sa gefen zani na goge. Na leƙa tsakar gida na ga Hajiya ta shige ɗaki. Sai na sake kiran sunan, a hankali wannan karon, na ce ta miƙo min matankaɗi.